Baje Koli: Daga Tabarmar Ɗan Koli a Ƙasar Haɗeja Zuwa Dandalin Wasannin Bidiyo

1.0 Gabatarwa

Kalmar "baje koli" tana cikin kalmomin da suka sami sabuwar ma'ana a bakin 'yan jarida da ma'aikatan gidajen rediyo, har ma'anarta ta asali ta soma dusashewa. A yau in an ambace ta, abin da yake faɗo wa mai sauraro a rai shi ne wani makeken fili a Kaduna ko Kano ko Ikko, inda kamfanoni suke kakkafa rumfuna su nuna hajarsu na 'yan kwanaki sa'an nan su watse. Manufar wannan maƙala ita ce bin sawun wannan al'ada ta nunin kaya tun daga inda Bahaushe ya san ta, har zuwa wani reshe nata da ba a cika tattauna shi da Hausa ba, watau baje kolin masana'antar wasannin bidiyo. An ɗauki ƙasar Haɗeja a matsayin madubi domin tarihinta ya nuna a fili yadda kasuwa take bin hanya, ta kuma ƙaura in hanya ta ƙaura. Banda wannan, kayan da ake nunawa a waɗancan manyan tarurruka na ƙasashen waje, in sun gama zagayensu, a irin garuruwan nan ne suke yada zango na ƙarshe.

2.0 Koli da kasuwa

Koli a asali ƙananan kaya ne marasa nauyi: allura da zare, madubi, kwalli, turare, tsakiya, murjani, da makamantansu. Ɗan koli kuwa shi ne mai bin kasuwanni da su, yau yana nan gobe yana can, gwargwadon ranar da kowace kasuwa take ci. In ya isa sai ya shimfiɗa tabarma ko buhu ya baje su, domin kayansa irin waɗanda ido ne yake sayensu kafin aljihu. Mai hatsi ba ya bukatar gwaninta wajen jera buhunansa, yunwa ce take yi masa talla. Shi ɗan koli dole ya sa mai wucewa ya yi sha'awar abin da bai fito gida da niyyar saye ba. Saboda haka duk wanda ya fara ɗora wannan kalma a kan tarurrukan nunin kaya na zamani ya yi dace ƙwarai, ko da gangan ya yi ko a kan kari.

To amma akwai wani bambanci da aron kalmar ya lulluɓe. A kasuwar Bahaushe, abin da aka baje shi ake sayarwa. Mai saye ya ɗauka ya jujjuya, ya taya, a ce albarka, ya ƙara, a sallama, dillali ya karɓi la'adarsa, kowa ya kama gabansa. Hausawa suna cewa ba a cinikin biri a sama. Baje kolin masana'antu kuwa, kamar yadda za a gani nan gaba, kusan duk cinikin biri a sama ne: samfuri ake nunawa, wani lokaci ma alkawari kawai, ga manyan 'yan kasuwa da 'yan jarida, kaya su zo bayan wata shida ko shekara.

Ƙasar Haɗeja ta daɗe da sanin kasuwa iri na farko. Tana zaune ne tsakanin Kano da Barno, ga kuma kogi da fadama mai ba da kifi da shinkafa da makiyaya ta rani, abubuwan da mutanen tudu ba su da su. Amma zaman kasuwa ya dogara ne ga amincin hanya. A shekarar 1851 Bajamushen nan mai yawon bincike, Heinrich Barth, ya sauka Kano, ya ƙiyasta cewa tufafin da birnin yake fitarwa a shekara sun kai na wuri miliyan 300. Da ya tashi zuwa Kukawa sai ya bi ta Gumel, a daidai zamanin da Sarkin Haɗeja Buhari ya juya wa Sakkwato baya yana kai hare-hare ga maƙwabta, har Barth ya ambace shi a cikin labarin tafiyarsa. Buhari ya ci gaba da rikita wannan yanki har rasuwarsa a 1863, fatake kuwa suka riƙa neman hanyar da ta fi aminci.

Wani abin lura shi ne, a wannan shekara ta 1851 ɗin ce aka buɗe gagarumin nunin kayan masana'antu na duniya a Landan, a cikin wani gini na gilashi da ƙarfe, wanda mutum wajen miliyan 6 suka shiga kallo. Daga nan ne baje koli irin na zamani ya kafu.

3.0 Shigowar nunin kaya ƙasar Hausa

Haɗuwar Hausawa ta farko da wannan al'ada ba mai daɗin tunawa ba ce, domin su ne aka baje. A nunin Daular Ingila da aka yi a Wembley a 1924 da 1925, an gina wa ƙasashen Afirka ta Yamma wani gari mai ganuwa, kwaikwayon biranen Arewacin Nijeriya, aka kwashi masu sana'ar hannu aka zaunar da su a ciki suna aiki Turawa suna kallo. Irin abubuwan da jaridun Ingila suka rubuta a kansu sun fusata ɗaliban Afirka da ke Landan, cikinsu har da Ladipo Solanke, wanda ya jagoranci kafa ƙungiyar ɗaliban Afirka ta Yamma a 1925. Lokacin da aka yi wannan nuni, shekara 18 ke nan kacal da Turawa suka ci Haɗeja da yaƙi a watan Afrilu na 1906, inda Sarki Muhammadu ya faɗi a fagen fama tare da manyan jarumansa.

A cikin gida kuwa, hukumomin En'e sun riƙa shirya nunin amfanin gona, inda ake gwada gyaɗa da auduga da bijimai, a ba wanda ya yi fice kyauta. Manufar ita ce kwaɗaita wa manoma noman abin da kamfanonin Turawa suke bukata. Wasa ma ya shiga ciki tun da wuri. Bikin kamun kifi na Argungu, wanda ya samo asalin sigarsa ta yanzu daga ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934, daga baya ya haɗa su da kokawa da dambe da nunin amfanin gona a fili guda. Watau Bahaushe ya riga ya san cewa inda wasa ya tara jama'a, nan haja take samun ido.

A daidai wannan zamani ne hanya ta yi wa Haɗeja wani sauyi da ya kamata a tsaya a kansa. Layin dogo da aka ja daga Kano zuwa Nguru, wanda aka gama a 1930, bai ratsa ta cikin birnin Haɗeja ba, sai ya bi ta Malam Madori, 'yan miloli daga garin. Kamfanonin sayen gyaɗa suka kafa kantunansu da sikelinsu a bakin tasha, baƙi suka taru, ƙauye ya zama gari. Ba wanda ya ba da umarnin a rage wa tsohuwar kasuwa ƙarfi. Jirgi ne kawai ya tsaya a wani wuri. Haka kuma madatsar ruwa ta Tiga da aka gama a 1974, da ta Challawa a 1992, sun canza yadda ambaliya take sauka a fadama, abin da ya taɓa kamun kifi da noman shinkafa, watau ainihin abin da ƙasar take kaiwa kasuwa.

Baje koli na ƙasa da ƙasa ya zo ne da arzikin man fetur. An fara na Ikko a 1977, na Kaduna kuma a 1979 a ƙarƙashin ƙungiyar 'yan kasuwa da masu masana'antu ta jihar, Kano ma ta sami nata fili a kan titin gidan zu. A waɗannan wurare ne kalmar "baje koli" ta zauna daram a sabuwar ma'anarta. Sai dai jama'a ba su bar su a yadda aka kawo su ba. Mutum ba ya biyan kuɗin mota daga Haɗeja ko Gumel ya je Kaduna domin ya kalli samfuri ya dawo hannu rabbana, don haka rumfunan suka koma wuraren sayar da atamfa da tukwane da magunguna a kan rangwame. Masu shirya taron sukan koka da wannan, amma in an duba da kyau, jama'a sun mayar da kalmar gidanta ne.

4.0 Baje kolin wasannin bidiyo

Wasan bidiyo, wanda yara suke kira "gem", ya fara ne a matsayin ɗan rakiya a kasuwar wasu. Na'urar farko ta haya da ake jefa wa kwabo, mai suna Computer Space, an nuna ta ne a 1971 a Chicago, a taron masu akwatunan kiɗa na gidajen shaƙatawa. Da wasannin suka shiga gidaje sai suka koma baje kolin kayan lantarki na Amurka da ake kira CES, wanda aka fara a birnin New York a 1967 da mahalarta wajen 17,500. Daga 1978 aka riƙa yin sa sau biyu a shekara, Janairu a Las Vegas, Yuni a Chicago. A can ne kamfanin Atari ya nuna na'urarsa ta gida a 1977.

Dalilin da ya sa taron watan Yuni yake da nauyi shi ne, rabin cinikin shekara na irin waɗannan kaya a Amurka yana faɗowa ne a dab da Kirsimeti. Masu manyan kantuna sukan zo su ga abin da ke tafe, su yanke shawarar abin da za su ba wuri a kan kanta, su sa hannu a kan oda. Mai wasa, watau yaron da za a saya wa, ba a barinsa ya shiga. Taro ne na fatake da masu masauki, in an yi aron kalmomin zango.

Amfanin irin wannan taro ya fito sarai bayan rugujewar kasuwar wasanni a Amurka a 1983, sa'ad da kamfanoni suka cika kantuna da kaset-kaset marasa inganci har masu saye suka guje su. Ƙiyasin da aka saba ambata shi ne cinikin ya faɗo daga dala biliyan 3.2 zuwa wajen dala miliyan 100 a 1985. Masu kantuna suka rantse ba su ƙara taɓa wani abu mai sunan wasan bidiyo. Kamfanin Nintendo na Japan, wanda na'urarsa Famicom take ta samun karɓuwa a gida tun 1983, ya kai ta CES a watan Janairu na 1985 ba a kula shi ba. Ya komo a watan Yuni ya sake mata suna da siffa, ya haɗa ta da wani ɗan mutum-mutumi, ya gabatar da ita a matsayin kayan wasan yara. Dabarar ɗan koli ce tsantsa: haja ɗaya, shimfiɗa daban. A watan Oktoba aka fara gwajin sayar da ita a New York, kasuwar da aka ce ta mutu ta farfaɗo.

Duk da haka masu CES ba su daina yi wa 'yan wasanni kallon 'yan ci-rani ba. Gaban fili na masu talabijin da rediyo ne, su kuwa a can ƙurya. Tom Kalinske, shugaban reshen kamfanin Sega na Amurka a lokacin, ya sha ba da labarin shekarar da aka ajiye su a cikin tanti, ruwan sama ya yi ta ɗiga a kan sababbin na'urorinsu. Amma abin da ya haɗa kansu daga ƙarshe tsoron hukuma ne. A watan Disamba na 1993 majalisar dattawan Amurka ta zauna sauraron koke a kan zubar da jini da ke cikin wasanni irin su Mortal Kombat. Domin gudun kada gwamnati ta sa musu linzami, kamfanonin suka kafa ƙungiyarsu a 1994, tare da hukumar da ke tantance shekarun da suka dace da kowane wasa. Ƙungiya kuwa tana bukatar kuɗin shiga, baje koli kuma yana kawo kuɗi.

Ta haka aka haifi E3, wanda aka fara daga 11 zuwa 13 ga watan Mayu na 1995 a Los Angeles, mutum fiye da 40,000 suka halarta. Abin da ya faru a ranar farko ya isa ya nuna irin ƙarfin da fili guda yake da shi in kowa yana wurin. Sega ya ba da sanarwar cewa sabuwar na'urarsa Saturn dala 399 ce, kuma an riga an kai ta wasu zaɓaɓɓun kantuna, wata huɗu kafin ranar da aka sa. Jim kaɗan wakilin kamfanin Sony, Steve Race, ya hau mumbari ya faɗi lamba ɗaya tak, 299, watau farashin PlayStation, ya sauka. Kantunan da Sega ya tsallake suka yi fushi, wasunsu suka daina karɓar kayansa. Saturn ba ta ƙara miƙewa a Amurka ba, a 2001 kuma Sega ya bar ƙera na'urorin gida. Duk wanda ya taɓa ganin yadda tayi ɗaya a bainar jama'a yake karya farashin shanu a kasuwar Maigatari ranar Alhamis, ba zai yi mamakin wannan ba.

Sauran ƙasashe ma sun kafa nasu. Landan tana da nata tun 1988 har ya mutu a 2004, Tokyo ta fara a 1996, Leipzig ta ƙasar Jamus a 2002, daga baya a 2009 kamfanonin Jamus suka ƙaura zuwa Cologne suka kafa Gamescom. Bambancin na Tokyo da na Jamus da na Amurka shi ne, sun ware ranakun 'yan kasuwa, sa'an nan suka buɗe ƙofa ga kowa.

E3 ya kai ƙololuwarsa a 2005 da mahalarta wajen 70,000. To amma tsadar rumfa da gasar ƙawa sun ishi manyan kamfanoni, suka matsa aka rage shi. A 2007 mutum wajen 10,000 aka gayyata zuwa Santa Monica, a 2008 kuwa wajen 5,000, taro ya zama kufai, dole aka mayar da shi yadda yake a 2009. Sai dai a lokacin hanya ta riga ta soma ƙaura. Wasanni suka riƙa isa ga mai saye ta intanet ba tare da faifai ba, don haka mai kanti, wanda domin shi aka kafa taron tun farko, ya rage daraja. Ɗan jarida ma haka, tun da kamfani yana iya magana da jama'a kai tsaye. Nintendo ya fara watsa shirye-shiryensa na sanarwa ta intanet a 2011, daga 2013 kuma ya daina babban taron manema labarai a E3. A 2017 aka sayar wa jama'a tikiti 15,000, abin da wasu suka yi shekara da shekaru suna yi. Sony ya ƙi zuwa a 2019. Annobar korona ta hana taron 2020, na 2021 ta intanet aka yi shi, na 2022 da 2023 aka soke, ranar 12 ga Disamba, 2023 ƙungiyar ta ba da sanarwar cewa E3 ya ƙare.

Mutane da yawa sun ɗora laifin a kan annoba, amma hujjar ba ta da ƙarfi, domin annobar ba ta tsallake Jamus ba. Gamescom ya tara mutum 373,000 a 2019, bayan annoba kuma ya dawo ya tara 335,000 a 2024. Taron da aka gina a kan dillalai shi ne ya faɗi da aka daina bukatar dillalai. Wanda ya bar jama'a su shigo su taɓa na'ura da hannunsu, su ga juna, ya tsira, ko da yake shi ma yanzu rabinsa biki ne.

5.0 Inda kayan suke ƙarewa

A nahiyar Afirka, an sami taron rAge na Johannesburg, na Abidjan da ake kira FEJA kuma ya fara a 2017, Ikko ma ta ga ire-irensu. An kuma sami masu ƙirƙirar wasanni, alal misali Maliyo Games da aka kafa a Ikko a 2012, da Kiro'o Games na Kamaru wanda ya fitar da wasansa Aurion a 2016. Ɗaya daga cikin wasannin Maliyo sunansa Aboki Run. Mai nazarin harshe ba zai rasa lura ba da cewa kalmar Hausa da ta fara samun shiga wannan fage ita ce wadda ake yi wa ɗan Arewa laƙabi da ita a kudu, a bakin wasu da zolaya, a bakin wasu da raini.

Hanyar da na'urorin suke bi su iso ƙasar Haɗeja ba ta ratsa ko ɗaya daga cikin waɗannan tarurruka ba. Akasarinsu na hannu ne, waɗanda aka gama yayinsu a Turai da Amurka, su sauka a Ikko, su bi ta kasuwar Alaba, su hau mota zuwa Sabon Garin Kano, daga nan mai ƙaramin jari ya sayo ɗaya ko biyu ya kai gida. Ya kama shago, ya sa talabijin da benci da janareta, yara su biya kuɗin wasa ɗaya, galibi na ƙwallon ƙafa. Wannan shi ne gidan gem, kuma tsarinsa ya fi kusa da na'urar kwabo ta 1971 fiye da abin da kamfanonin suke zato in suna maganar na'urar gida. Iyaye da malamai sun daɗe suna kuka da shi saboda cin lokacin makaranta da na salla, kukan da a wani fanni ya yi kama da na majalisar dattawan Amurka, sai dai a nan tsawatarwar uba da ta mai unguwa ce take tsayawa a madadin hukumar tantancewa.

Tazarar da ke tsakanin fili da shago ita ce abin aunawa. PlayStation 2 ta fito a shekarar 2000, an sayar da fiye da miliyan 155, Sony ya daina ƙera ta a wajen ƙarshen 2012. A lokacin da aka daina ambatonta a Los Angeles, a lokacin ne farashinta ya sauko inda mai shago a Haɗeja ko Malam Madori ko Kafin Hausa zai iya tayawa, ta kuwa ci gaba da ciyar da gidaje shekaru bayan haka, masu gyara suna yi mata dabarar da za ta karanta wasanni ba tare da faifan asali ba. Wayar hannu ta rage wannan tazara ta fuskar labari, domin saurayin da ke bakin kogi yana iya kallon sanarwar sabuwar na'ura a daren da aka yi ta, daidai da ɗan jaridar da ke Cologne. Ta fuskar mallaka kuwa, tun da aka saki darajar naira a watan Yuni na 2023, kuɗin na'urar da kuɗin man janaretan da za ta ci duk sun ƙara nisa da aljihun mai shago.